Dung da Kwikwiya Mai Koren Zare

In ana maganar wanda ya san dabba a cikin 'yan Najeriyar da ke garin Beltsville na Amurka, to Dung Dalyop ake nufi. Shekara da shekaru yana kula da shanu da kaji a wata tashar binciken noma da ke gefen garin, har ta kai shugabanninsa sukan kira shi ya duba saniya kafin su kira likita. Zai tsaya ya ƙare mata kallo, ya taɓa kunnenta, ya ce gobe za ta kwanta, goben kuwa sai ta kwanta. Sai dai mutumin yana da wani hali mai cin rai, wato bakinsa ba ya yabon abu. Ba don ba ya gani ba, ai ya fi kowa gani. Amma da zarar abu ya kwanta masa a rai, abin nan ya shiga uku, don ba zai ƙara jin kalma mai daɗi daga gare shi ba.

Matarsa Atine, wadda ke aikin nas a wani asibiti, ita ta fi kowa shan wannan hali. In ta yi gwaten acca ya yi daɗi, Dung zai share kwano biyu, ya suɗe hannu, sannan ya ce gishiri ya so ya yi yawa. Ranar da 'yarsu Kaneng ta karɓi digirinta na haɗa magunguna, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, amma da ta zo ta rungume shi abin da ya iya ce mata shi ne hularta ta karkace. Shi ɗan Berom ne, Atine kuma daga Kafanchan take, don haka da Hausa suka yi soyayya, da ita kuma suke faɗa, kuma shekara talatin yawancin faɗan a kan wannan baki nasa ne.

Halin yana da asali. Mahaifinsa mai kula da karnuka ne a gidan wani injiniyan kuza kusa da Bukuru, manyan karnukan nan masu tsayayyun kunnuwa da ake kira alseshan. Dung yana ɗan shekara tara wata karya ta haihu, sai ya ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan ya zagaye unguwa da shi yana cewa duk Jos babu kamarsa. Uban ya ji, ya kwaɗe masa baki da bayan hannu, ya ce ba a yabon ƙaramin abu a gaban mutane, baki yana kama shi. Kwana shida bayan haka kwikwiyon ya fara gudawa, ya mutu. Daga baya Dung ya yi karatun lafiyar dabbobi a Vom, ya san sunan cutar da ta kashe shi, ya san ba ruwanta da bakin kowa, amma harshensa bai taɓa samun labarin wannan karatu ba. Kasuwar dabbobi ta Bukuru kuma ta ƙarasa shi, inda 'yan'uwa ke ɗaukarsa ya zaɓa musu awaki. A can in kana son akuya sai ka ce ramammiya ce, mai ita ya yi ta rantsuwa, ka juya baya ka kama hanya, ya ƙwala maka kira ka dawo. Kowa ya san wanda ya tsaya kushe kaya shi ne mai saye.

Sun zo Amurka a shekarar 2001, suka kama haya a hawa na uku a Wheaton, a wani bene da takardar hayarsa ta hana ko da kyanwa. Shekara tara Dung yana zuwa filin shaƙatawa ran Lahadi da yamma, ya zauna a benci yana kallon karnukan mutane yana tsaki. Wannan an cika shi da abinci, wancan ƙugunsa ya lalace, wancan kuma maigidansa ne ke buƙatar horo. Bai taɓa buɗe baki ya ce yana son kare ba. Amma da suka sayi gida a Beltsville a 2010, rufin kicin yana yoyo, abin da ya fara yi shi ne zagaye bayan gidan da shingen katako mai tsawon mutum, da hannunsa, cikin hutun mako uku. Atine ta ajiye bokiti a ƙarƙashin yoyon ta tambaye shi shingen na mene ne, ya ce don ɓarayi.

Daga nan aka shiga duba tallace-tallace. Kullum aka dawo daga coci sai ya baje kwamfuta a teburin cin abinci, ya sa tabarau, ya shiga shafukan masu kiwon alseshan, ransa yana ɓaci. Wasu sun zuba 'yan kwikwiyo a kwando sun ɗaura musu ƙyalle a wuya. Wasu sun ce ka biya yau a sako maka shi a jirgi gobe. Akwai wanda ke tallar iri takwas na karnuka a gida guda, kowanne wai zakara ne ɗan zakara.

"Ina uwar?" haka yake yi wa kwamfutar tsawa. "A nuna mini uwar mana! Wa ke sayen kwikwiyo bai ga uwarsa ba?"

Atine takan leƙo daga kicin ta ce, "Baban Kaneng, ba sa jin ka fa."

Shekara biyu ana wannan, har wata Lahadi ya yi shiru. Shirun ne ma ya sa Atine ta fito ta duba ko lafiya. Ya faɗa shafin wata tsohuwa mai suna Olive, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana zaune a wata gona can bayan Frederick. Shafin ba shi da ado ko kaɗan. Hoto ɗaya ne, na wata karya tsaye a gicciye cikin taɓo, sai sakamakon hoton ƙashin ƙugunta da na gwiwoyinta, da sunayen iyayenta har kaka ta biyar, da shekarun da kowannensu ya yi a duniya da abin da ya kashe shi. A ƙasa ta rubuta cewa sunan karyar Greta, tana da taurin kai, ba ta son baƙi su taɓa ta a ranar farko, kuma ta ɗan gaza tsawon da ake so. Ta ce sau ɗaya take haɗa karnuka a shekara, ba ta aika kwikwiyo ta jirgi, ita ke zaɓar gidan da kowanne zai je, kuma duk wanda ya kasa riƙe karenta, ko bayan shekara goma ne, ya dawo mata da abinta.

"Maman Kaneng, zo ki ga mutum," in ji Dung. "Kin ga ba ta yabe ta ba? Ko kalma ɗaya. Wannan tsohuwar ta san abin da take yi."

Atine ta karanta ta ce, "To, ka samu 'yar'uwa."

A nan kuskuren ya fara, ko da yake babu wanda ya lura. Dung ya ɗauka ya gamu da wadda ke jin yarensa, mai ɓoye abin da take so a bayan kushe, irin mutanen gida. Bai kawo a ransa cewa matar gaskiya kawai take faɗa ba.

Ya aika mata saƙo, ta maido masa da fom mai shafi shida. Nan ne hankalinsa ya tashi. Awa nawa karen zai yi shi kaɗai a rana? Wa zai riƙe shi in kun yi tafiya? Me za ka yi in ya ciji takalminka? A kawo sunan likitan dabbobi, da hoton bayan gida, da wasiƙa daga maƙwabci.

"Ranar da na je neman aurenki a Kafanchan," ya ce wa Atine, "kawunnanki ba su yi mini rabin waɗannan tambayoyi ba."

"Shi ya sa suka ba ka," in ji ta.

Inda aka tambayi wurin da karen zai kwana ya rubuta waje, Atine ta goge ta rubuta falo, suka yi kwana biyu ba sa ga maciji kafin ya yarda da kicin. Wasiƙar maƙwabci kuwa sai da ya je wurin Injiniya Ɗanliti, Bakatsine da ke gidan da ke jikin nasu, mutumin da in ya hango kare a titi yake tsallakawa ɗaya gefen don kada ya shafi rigarsa ta salla. Ɗanliti ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Oga Dung, wato ni zan yi wa kare shaidar samun masauki? Ni da nake addu'ar kada ka samu?"

Amma ya rubuta, kuma ya rubuta da kyau. Ya ce shekara biyu yana kallon mutumin nan yana gyara shingen da babu komai a cikinsa. Tambaya ta ƙarshe a fom ɗin ita ce, me ya sa kake son kare? Dung ya yi kwana uku yana kallonta, sannan ya rubuta kalma biyu: don gadi.

Olive ta sa shi a layi. Ya yi wata goma sha huɗu yana jira, yana cewa shi bai damu ba, yana kuma buɗe imel sau biyar a rana. A watan Maris na 2014 saƙo ya zo cewa Greta ta haifi bakwai. Olive ta ƙara da cewa gwiwoyinta sun gaji, wannan ce haihuwa ta ƙarshe da za ta karɓa, daga ita ta daina kiwo. Gidaje tara ne a layi, 'yan kwikwiyo bakwai, don haka kowa zai zo ya gan su in sun cika mako shida, ita ma ta gan shi, sannan ta yanke shawara. Dung ya lissafa da yatsunsa ya ga mutum biyu za su koma hannu rabbana, ya kasa cin abincin rana.

Ranar Asabar ɗin da aka ba su, Atine ta sauya aiki da wata abokiyarta don ta raka shi. Suna kan babbar hanya ta dube shi ta ce, "Baban Kaneng, don girman Allah, yau ka bar bakin nan naka a mota. Nan ba Bukuru ba ne."

"Ke za ki koya mini kare?"

"Ba kare nake koya maka ba, mutane nake koya maka."

Olive ta tare su a bakin ƙofa, doguwar tsohuwa mai furfura, tana dogara sanda. Kafin su shiga ta sa suka tsoma takalmansu a wani faranti mai ruwan magani, abin da ya burge Dung ƙwarai, shi ya sa ya ɓata fuska. Greta ta fito ta zagaye shi tana shinshina. Bai miƙa mata hannu ba, bai kalle ta cikin ido ba, ya tsaya cak har ta gama bincikenta ta zauna kusa da ƙafarsa. Olive ta ce ba ta cika yi wa baƙo haka ba. Zuwa nan dai komai yana tafiya daidai.

'Yan kwikwiyon suna wani ɗaki a jikin kicin, kowanne da zare mai launi daban a wuya don a bambanta su. Dung ya durƙusa, ya ciro makullansa ya sake su a kan siminti. Shida suka watse. Ta bakwai, wata 'yar ƙarama mai koren zare, ta ja da baya taku biyu, ta karkata kai, sannan ta dawo ta shinshina makullan, ta ɗauke su a baki ta yi gaba abinta. Dung ya ji wani abu ya tsirga masa tun daga ƙirji har ciki. Tun yana yaro bai ƙara jin irinsa ba. Ya kai hannu ya kama fatar ƙeyarta ya ɗaga ta sama, yadda ake gwada zuciyar kwikwiyo a gida.

"Ba a ɗaga mini su haka," in ji Olive da sauri.

Ya sauke ta a tafin hannunsa. Ba ta yi ko ƙara ba, kallonsa kawai take yi. Ya duba dasashinta, ya shafa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da ita rigingine, ta ɗan yi gardama sannan ta saki jiki. Ya san ya gama zaɓe, kuma ya san ko za a jera masa ɗari ita zai ɗauka. Olive ta jingina da bango tana kallonsa, ta ce, "Na ga ka daɗe a kanta. Me ka gani?"

Atine ta rufe ido, don ta san abin da ke tafe.

Dung ya taɓe baki. Ya ce ta yi ƙanƙanta. Ya ce jelarta siririya ce, kunnen hagu kuma da wuya ya tsaya. Ya ce ƙafafun baya ba su yi masa ba, gashin ma ba shi da sheƙi, kuma in aka duba da kyau cikin su bakwai ita ce ta baya. Yana faɗa yana shafa bayan kunnenta da babban yatsa, ita kuma tana lasar hannunsa. Atine ta mintsine shi a kafaɗa ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Rufe bakin nan, kana kashe kanka." Ya ture hannunta. A ganinsa hira ce ake yi tsakanin masana biyu, mace kuma tana sa musu baki.

Olive ta tambaye shi kai tsaye, "Kana son ta?"

Ya ɗaga kafaɗa. "In babu wadda ta fi ta, sai a yi haƙuri da ita."

Ya ajiye kwikwiyar, ya kaɗe wandonsa, ya yi sallama a taƙaice, ya kama hanyar mota. Tafiya yake a hankali, kunnensa yana baya, yana jiran a kira shi. Ya tsaya ya gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya tsaya ya duba tayar mota. Ba wanda ya kira shi. Duk da haka da suka hau hanya fuskarsa a sake take, har yana bin waƙar rediyo.

"Ta gane," ya ce. "Irin waɗannan ba sai an yi musu bayani ba."



Ran Talata saƙon ya zo, gajere, cikin ladabi. Olive ta ce a duk waɗanda suka zo babu wanda ya kai shi sanin kare, kuma Greta ta yarda da shi. Amma ita shekara talatin da biyar ba ta taɓa ba da kwikwiyo ga wanda zai yi haƙuri da shi ba, sai ga wanda yake so. Ta yi masa fatan samun wadda za ta gamsar da shi a wani wurin.

Dung ya karanta sau uku, ya miƙe ya shiga zagaye teburin. Wace irin ƙasa ce wannan! A ba ka fom shafi shida, a sa ka roƙi maƙwabci, a sa ka jira fiye da shekara, sannan a kore ka don ka faɗi ra'ayinka? Ba ita ce ta fara ba? Ba ita ta rubuta da hannunta cewa karyarta gajera ce mai taurin kai ba?

Atine ta bar shi ya gama, sannan ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Ita da ta faɗi aibin karyarta, gaskiya ta faɗa. Kai da ka faɗi na kwikwiyar, ƙarya ka yi. Bambancin ke nan. Ɗauki waya ka kira ta."

"In ce mata me?"

"Ka ce kana so. Kalma nawa ce?"

"Ni in roƙi mace a kan kare? Allah ya kiyaye."

Haka aka shiga kwanakin da Atine ta ce ba ta taɓa ganin irinsu ba. Kullum da safe kafin ta fita aiki sai ta ajiye wayar gida kusa da kofin shayinsa, kullum ta dawo ta tarar da ita inda ta bar ta. Ta ce bari ita ta rubuta wa matar, ya ce in ta yi haka ba shi ba ita. Kaneng ta kira daga Baltimore tana cewa, "Daddy, just call her," ya ce ita ma uwarta ta zuga ta. Ya koma shafukan masu kwando da ƙyalle, ya duba minti biyu ya rufe. A wurin aiki ya zuba wa kaji abincin maruƙa, abin da bai taɓa yi ba. Sau biyu Atine ta hango shi ta taga yana tsaye a tsakiyar bayan gida, hannu a aljihu, yana kallon shinge. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

Sai ranar Asabar ta biyu, ranar da 'yan kwikwiyon suka cika mako takwas kowa zai zo ya ɗauki nasa, ya tashi da sassafe ya sa rigar da yake zuwa coci da ita. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "In kina zuwa ki taso." Ba ta tambaye shi ina ba. A hanya ta tanadi maganganu cike da baki, tana jiran su dawo ta sauke masa.

Da suka isa, mota ɗaya ce ta rage a farfajiyar gonar. Wani saurayi mai gemu da matarsa suna shimfiɗa bargo a kujerar baya, Olive kuma tana zaune a baranda da kwikwiya mai koren zare a cinyarta. Cikin mako biyun ta ƙara girma, kunnen hagun nan kuma ya miƙe tsaf. Dung ya cire hula ya hau matakalar. Turancinsa da yake gudu kamar ruwa a wurin aiki ya dinga sarƙewa. Ya ce a garinsu ba a yabon abin da ake so. Ya ce in mutum ya kushe abu, to ya riga ya zaɓa ne. Ya ce duk abin da ya faɗa ranar nan ba haka ba ne.

Olive ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Na tambaye ka, ka ba ni amsa, na kuma yarda da kai. Yanzu na riga na yi wa mutanen nan alkawari."

Saurayin, wanda ya ce sunansa Alexander, ya matso. Da gani bai taɓa riƙe kare ba, don igiyar ma a juye ya kama ta. Ya ce ya ji Olive ta ce Dung aikin dabbobi yake yi, shi kuma akwai abin da ke damunsa. Ɗazu ya ga 'yan'uwanta da aka ɗauka duk sun fi ta girma. Shin lafiyarta ƙalau kuwa? Ba ragowar ba ce aka bar musu?

Dung ya miƙa hannu biyu, Olive ta ba shi kwikwiyar, ya tallabe ta ta ƙarƙashin ƙirji.

"Ragowa?" ya ce. "Saurara, yaro. Ita ce ta fi su duka. Dubi ƙirjin nan. Dubi yadda ƙafafunta suka sauka, babu inda ya karkace. Wannan ba ta san tsoro ba, kuma ba ta da mugunta, da wuya ka samu biyun a kare ɗaya. Ƙanƙantar da kake gani ta uwarta ce, za ta fi sauran daɗewa a duniya. Shekara hamsin ina kallon karnuka, a ƙasa biyu, ban taɓa ganin mai kyanta ba." Ya ƙara da cewa, "Kada ka yi mata tsawa, sau ɗaya za ka faɗa ta ji. Kada ka bar ta ita kaɗai yini guda. Ka ji ni?"

Alexander ya washe baki, ya yi ta godiya, matarsa har da share hawaye. Suka karɓe ta, suka sa ta a kan bargon, suka rufe ƙofa. Kwikwiyar ta dafa gilashi da ƙafafun gaba tana leƙen waje.

Olive ta dafa sandarta ta miƙe. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da gajiya ta yi ta.

"Na ga yadda kake shafa kunnenta ranar nan, shi ya sa ban gaskata kunnena gaba ɗaya ba. Sauran shidan duk na raba su tun ran Litinin. Ita kaɗai na riƙe. Kwana tara wayata tana aljihuna ko a lambu nake. Sai shekaranjiya da yamma na kira waɗannan."

Dung ya juya ya dubi Atine, wadda ta ajiye masa waya kusa da shayi duk safiyar Allah. Ita kuwa duk maganganun da ta tanada tun daga Beltsville sai ta neme su ta rasa. Motar ta fara gangarawa kan tsakuwa zuwa bakin titi, shi kuma yana tsaye a kan matakala da hula a hannu.

Ta taɓa gwiwar hannunsa ta ce, "Mu je gida, Baban Kaneng."

"Bari su sha kwana tukuna," in ji shi.